"Ramuwar gayya ta fi gayya zafi": umarni ne ko gargaɗi?

Wata 'yar'uwa ta turo tambaya, ta ce Malam, ƙaninta an yi masa wulaƙanci ya rantse sai ya rama, da ta hana shi sai ya ce ai Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma Yesu da kansa ya ce bai zo da salama ba sai takobi. Wai haka ne?

To 'yar'uwa, mu fara da gayya. Gayya ita ce cutar da aka yi maka da gangan don a ƙona maka rai (ba gayyar aiki ba fa, wannan daban). Karin maganar kuma labari take bayarwa, tana cewa mai ramuwa ba ya tsayawa a kan awo, an mare shi sau ɗaya shi sai ya fasa baki. Babu inda ta ce "je ka rama". Gargaɗi ne ga mai tsokana, ƙaninki ya mai da shi lasisi.

Haka ya yi wa ayar ma, kuma wannan ya fi damuna gaskiya. Matiyu 10:34 ce a Littafi Mai Tsarki, in ya ci gaba da karatu kaɗan zai ga maganar rabuwar ɗa da uba, 'ya da uwa ake yi saboda bin Almasihu, shi ya sa a Luka 12:51 kalmar da ta zo a gurbin takobin ita ce rabuwa. Ranar da aka zare takobi na gaske kuwa, daren da aka kama Yesu, almajirinsa Bitrus ya sare kunnen Malkus bawan babban firist, me Yesu ya ce wa Bitrus? Mai da takobinka kube. Yana nan a Yahaya 18:11, Luka kuma ya ƙara da cewa Yesu ya taɓa kunnen ya warkar da shi, kunnen mutumin da ya zo kama shi fa!

Fushi shi kansa ba a hana ba, ciwo ne da ke tasowa a zuci, Afisawa 4:26 cewa ta yi in kun husata kada ku yi zunubi, kada rana ta faɗi kuna fushi. Ramuwa ce aka karɓe daga hannunmu, Romawa 12:19 ta ce ta Ubangiji ce.

Kada ki yi masa wa'azi yanzu yana huci, ba zai ji ba. Bari ya huce, ki zauna kusa da shi, ki miƙa masa Matiyu sura 10 ya karanta da bakinsa har aya ta 39.