Amsa: Na sayi sikuta na hannu, me zan fara dubawa?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi sikuta na hannu mai bel (wato igiyar robar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayar baya), kana tambayar me za ka fara yi kafin ka saki jiki da shi. Ka fara da juye. Ko da mai shi ya rantse jiya ya zuba sabon baƙin mai, kai shi wurin bakanike a sauke a gabanka, ka duba abin da ya fito. In ka ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe a ciki, injin yana cin kansa. A canza har da man giyar da ke wajen tayar baya, wanda yawancin mutane ba su ma san da shi ba. Sai birki gaba da baya, fulogi, da soson da ke tace iska, don ƙurarmu ba ta raga masa.

Amma abin da nake ja maka kunne a kai shi ne bel. Sa a kwance murfin gefen hagu ka gani da idonka. In ya tsattsage ko ya sirance, canza shi kawai. Ni na yi ganganci da nawa saboda injin na tashi bugu ɗaya, sati uku da saye bel ya tsinke mini da tsakar rana, injin na kuka, taya ko motsi. Haka na tura shi har gareji. Taya kuma kada zanenta ya ruɗe ka, duba lambobi huɗun nan na gefenta: misali 2319 na nufin an ƙera ta a sati na 23 a 2019. In ta haura shekara biyar, ni ba na yarda da ita.