Manhajar da na rubuta ta ƙi buɗewa a kwamfuta mai Windows XP

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Garwa: Salamu alaikum malam. Kawuna yana da shagon magani, kwamfutar da ke wurin tsohuwa ce mai XP, kuma firintar rasit ɗinsa da ita kaɗai take aiki, ya ce ba zai canza ba. Na rubuta masa manhajar lissafin kaya da C++ a laftof ɗina, na zuba a filas na kai, sai ta fito min da "n'est pas une application Win32 valide", wato da Faransanci tana cewa ba ingantacciyar manhajar Windows ba ce. Ina matsalar take?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, mai yiwuwa kod ɗinka lafiyarsa ƙalau, kayan aikin da ka haɗa shi da su ne suka yi wa XP sabunta. Kowane fayil na exe, wato fayil ɗin manhaja da ake dannawa ya buɗe, akwai lamba a kansa da ke faɗin mafi tsufan Windows da zai yarda ya hau, sabon Visual Studio, manhajar Microsoft da ake haɗa kod da ita, yana rubuta 6.0 wato Vista zuwa sama, ita kuwa XP 5.1 ce, da ta ga lambar sai ta ture fayil ɗin ko leƙa cikinsa ba ta yi ba. Ka kuma duba ko 64-bit ka haɗa, don na shaguna kusan duk 32-bit ne, saƙo ɗaya suke bayarwa.

Maganin shi ne ka koma wurin girka Visual Studio 2017 ko 2019 ka ƙara kayan haɗa manhaja don XP da ake kira v141_xp, ka zaɓe shi a saitin aikin, ka sa x86 wato 32-bit, sannan ka haɗa da saitin /MT domin kar manhajar ta je shago tana neman DLL, wato fayilolin taimako, da babu. In data ta yi maka tsada, ga wasu kayan haɗa C++, MinGW na 32-bit da tsohon Code::Blocks, ba su da nauyi.

To amma nan ne fa mutane ke faɗawa rami, fayil ya buɗe sai su ɗauka an gama. Akwai umarnin da XP ba ta san su ba sam, misali GetTickCount64 sai daga Vista ya fara, kana kiransa ko wata laburare, wato kod ɗin wasu da ka jawo, ta kira shi a ɓoye, manhajar za ta mutu tun a bakin ƙofa. Ka sa saitin _WIN32_WINNT ya zama 0x0501, wato lambar XP, tun farko, in kod ɗinka ne ya kira irin wannan umarnin kwamfaila, mai mayar da kod ya zama exe, da kansa zai tsayar da kai kafin ka hau mashin zuwa kasuwa a banza.

In wani yaren rubuta manhaja ka fi so, ga iyakar sigar da ke aiki a XP: Python iyakarsa 3.4, .NET iyakarsa 4.0, Go kuma 1.10. Ni dai irin wannan aikin na shago Lazarus da Free Pascal nake ba wa yarana, exe ɗaya tak yake fitarwa, ka haɗa da SQLite don ajiyar lissafi, wanda ko an ɗauke wuta ana tsakar rubutu ba ya barin rabin ciniki a ciki, kuma ka san halin wutarmu lokacin zafi.

Kar ka sake kai wa kawu abin da ba ka gwada ba. Girka VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar kwamfutar gwaji a cikin laftof ɗinka, ka sa XP SP3 a ciki, ka ba ta ram 512MB kawai domin ka ji nauyin da shi zai ji.

Abin da ya fi damuna shi ne intanet. Microsoft ta daina yi wa XP gyaran tsaro tun 8 ga Afrilu 2014, ga shi lissafin dukiyar mutum ne a ciki. Kar a jona ta, kar yaran shago su riƙa cusa mata filas ɗin waƙoƙi, ka ware filas ɗaya na kwafin lissafi, kullum in za a rufe shago a kwafa kawu ya tafi da shi gida.