Kwana uku a Kalaba: me ya kamata baƙo ya gani?

Malam, ka tambaya ko kwana uku za su ishe ka ganin Kalaba, babban birnin Jihar Kuros Riba, da kuma inda ya dace ka fara. Za su isa, muddin ka zo da rani, domin daga Afrilu zuwa Oktoba ruwan sama yakan wuni yana zuba a can.

Ka fara da gidan tarihin da ke tsohon gidan Razdan, ginin katako da aka ƙera a Birtaniya, aka kawo shi gunduwa-gunduwa ta jirgin ruwa, aka harhaɗa a kan tudu a 1884. Daga wannan gida ne Turawa suka mulki Kudancin Najeriya kafin a mayar da hedikwata Legas a 1906, kuma a ganina takardun cinikin manja da ke ciki sun cancanci ka ba su wuni guda. Gidan tarihin cinikin bayi yana Marina, a bakin kogi. Ziyarar kabarin Mary Slessor, Baturiya 'yar mishan wadda ta yaƙi al'adar kashe tagwaye ta rasu a 1915, ba ta ɗaukar lokaci.

Game da salla da abinci, ka nufi Bogobiri, unguwar Hausawa, inda akwai masallaci da masu tsire. A sauran gidajen abinci ka tambayi irin naman da aka sa kafin ka ɗanɗana miyar afang, wato miyar ganye ta mutanen yankin. Idan tafiyar ta faɗo a Disamba, lokacin bikin Carnival na raye-raye da fareti a tituna, ka kama masauki tun da wuri, saboda otal-otal suna cika kuma farashi yana tashi.