Alhaji, Kafin Ka Ci Bashi Don Dashe, Ina Littafin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, takalma nake sayarwa a kasuwar Kejetia da ke Kumasi a Ghana, gidana kuma yana Aboabo. Matasan unguwarmu suna da ƙungiyar kare muhalli. Suna yashe kwata, suna dasa itatuwa a makarantu da masallatai, sukan kai yara Owabi kallon tsuntsaye ko Bobiri kallon malam-buɗe-littafi. Ni suka naɗa uban ƙungiya. A shekara guda na ba su wajen sidi 6,000 ko ya fi, wani kyauta, wani rance. Ɗan ƙanwata ne ke riƙe kuɗin a MoMo ɗinsa, wato asusun kuɗi na wayarsa. Yanzu sun fara renon dashe, an ce kowanne zai sayu sidi 10. Ina so in ci bashin sidi 20,000 mu reni guda 10,000 mu samu sidi 100,000, ƙungiya ta amfana, ni ma in amfana. Me za ka ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka da alheri kan hidimar da kake yi wa yaran nan. Amma a wasiƙarka wuri ɗaya na tsaya: "wajen sidi 6,000 ko ya fi, wani kyauta, wani rance." Nawa ne kyautar? Nawa ne rancen? Wace rana ka bayar, wa ya shaida? Da yaron shagonka ne ya ce ya sayar da takalma "wajen ƙafa hamsin ko ya fi", ai ba zai kwana da makulli ba. To me ya sa ka yarda da wannan lissafi a kuɗin ƙungiya?

Ban ce ɗan ƙanwarka ya ci ko kwabo ba. Mai yiwuwa ya fi kowa amana. Matsalar ita ce ka ajiye shi inda ba zai iya wanke kansa ba. A lamba ɗaya kuɗin ƙungiya ke shiga, a nan yake sayen data, a nan mahaifiyarsa ke turo masa kuɗin cefane. Ranar da wani ya miƙe a taro ya ce ina kuɗin da iyayen yara suka biya na motar Bobiri, me zai nuna? Ƙungiyoyin unguwa da yawa haka suke watsewa: ba a kama ɓarawo ba, ba a kuma wanke kowa ba, rabin matasa su daina zuwa aikin gayya, dashen ya bushe a leda. Kai kuma naka ya fi muni, don maganar za ta biyo ka gida, ta shiga tsakaninka da ƙanwarka.

Yanzu kana son ka zuba bashin sidi 20,000 a wannan tukunyar da ba ta da marfi. A'a.

Shi kuwa sidi 100,000 ɗin nan lissafin dokin Rano ne. Leda 10,000 za ta ci fili wajen murabba'in mita 200 idan an bar hanyoyin ban ruwa. Dashen da za a sayar farkon damina, wato Afrilu zuwa Yuni a Kumasi, dole a rene shi cikin hunturu, daidai lokacin da rijiya ke ja baya. Ko kofi guda kake ba kowace leda a rana, kana neman ruwa sama da lita 1,000 kullum. Wa zai ɗebo, wa zai biya? Matashin da ke aikin sa kai ranar Asabar ba zai zo ban ruwa safe da yamma wata huɗu a kyauta ba. Sannan akwai asara. Ruwa ya yi yawa a inuwa, tsiron ya ruɓe daga gindi. Aka manta ba a ɗaga ledojin duk mako biyu ko uku ba, saiwa ta huda leda ta kama ƙasa, ranar ɗauka ta tsinke. Akuya ɗaya ta samu ƙofa a buɗe, aikin wata guda ya tafi. Sabon hannu ya sa a ransa cewa ɗaya cikin biyar ba zai kai kasuwa ba, wani lokaci ma fiye.

Babbar tambayar ma ita ce wa zai saya. Tun 2021 da aka fara Ranar Green Ghana, wato ranar dashen itatuwa ta ƙasa, a watan Yuni, mutane suka saba karɓar dashe kyauta daga Hukumar Gandun Daji. Wanda ya saba samun itacen inuwa a banza ba zai ba ka sidi 10 kan dalbejiya ba. Abin da mutum ke zaro kuɗi ya saya shi ne mai 'ya'ya: mangwaro mai aure irin Keitt ko Kent, lemo mai aure, kwakwa. Auren mangwaro kuwa sana'a ce. Sai tushen ya yi wata shida zuwa takwas ya kai kaurin fensir kafin a ɗaura masa reshe, a sake jira ya kama. Shekara guda ke nan kuɗinka na kwance, mai bashi kuma bai san wannan ba, duk wata yana bakin shagonka.

Ga abin da za ka yi, kuma da shi za ka fara. Ku zauna kai da ɗan ƙanwarka da shugaban ƙungiya da sakatare, a ciro bayanan shige da fice na MoMo ɗin nan na shekarar duka, a bi su layi-layi. Abin da kuka gane rance ne a rubuta, ku huɗu ku sa hannu. Abin da ya shige duhu ka yafe shi a gaban shaidu, ka ce sadaka ce, maganar ta mutu. Daga nan a sayi littafi mai kauri: kwanan wata, daga wa, don me, shiga, fita, saura. A sayi littafin rasit. A buɗe wa ƙungiya asusu da sunanta, kuɗi ba ya fita sai mutum biyu sun sa hannu, kuma kada su biyun su zama 'yan gida ɗaya. Ɗan ƙanwarka zai iya ci gaba da zama ma'aji, amma wani daban ke riƙe littafin, a karanta shi a taro duk ƙarshen wata.

Idan littafin ya yi wata uku ba gyambo, sai a gwada dashe 500, ba da bashi ba. Ledar ruwan sha da yaran ke tsincewa a kwata ta isa itacen da ba zai daɗe a leda ba, a yanke bakinta a huda gindin. A cika da ƙasa mai kyau kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen takin dabbobi kashi ɗaya, ɗanyen taki ƙona tsiro yake yi. Mako biyu kafin dasawa a rage inuwa da ruwa don ya saba da rana. Idan kuna son iri nagari ko horo, cibiyar binciken gandun daji ta FORIG tana nan Fumesua.

Kuma ku nemi mai saye kafin ku shuka. Ku je makarantu da masu sabbin gidaje, ku ce za ku dasa, ku kewaye da kara ko waya, ku yi ban ruwa wata uku, a biya rabi tun farko. Wannan aikin ya fi dashen kansa kawo kuɗi. Tafiyar Owabi ma a raba kuɗin mota da na shiga da na ruwan sha kan kowane yaro, a karɓa da rasit kafin a kira direba.