Idan ba a iya jabun sa hannun dijital, ta ina ɓaraka ke shigowa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon gyaran waya a unguwar Mabera da ke Sakkwato, ina kuma taɓa karatun kwamfuta da yamma. An koya mana cewa sa hannun dijital, wanda waya ke dogara da shi wajen bambance manhajar banki ta gaskiya da ta bogi, ba a iya yin jabunsa. Sai ga wani abokin sana'ata ya ce an sha samun na'urori sun karɓi sa hannun ƙarya. Wanne zan ɗauka, kuma me zan riƙa faɗa wa masu kawo mini gyara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Malaminka bai yi kuskure ba, abokinka kuma bai yi ƙarya ba, domin kowannensu ɓangare guda na zancen ya kama. Ka tuna wasiƙun sarakunan Daular Usmaniyya, waɗanda ake buga wa hatimin mai aikowa: komai wahalar kwaikwayon hatimin, amfaninsa ya rataya ne a wuyan magatakardan da zai duba shi idan wasiƙa ta iso. Haka sa hannun dijital yake. Mai aikowa yana buga shi da mabuɗin sirri, mai karɓa kuma yana tantance shi da mabuɗi na biyu wanda kowa ke iya samu. Lissafin da ya haɗa mabuɗan biyu yana da ƙarfi ƙwarai, amma magatakardan a nan manhaja ce da ɗan Adam ya rubuta, kuma masu haɗa manhajoji ba kasafai suke rubuta tasu ba. Suna ɗauko kundin da wasu suka riga suka shirya, saboda haka kuskure ɗaya a kundi ɗaya yakan bi dubban manhajoji har gida.

Misalin da ya fi ba ni mamaki shi ne na Java, wato wani harshen rubuta manhajoji, wanda wani masani mai suna Neil Madden ya bayyana a watan Afrilun 2022. A tsarin sa hannun dijital da ake kira ECDSA, sa hannu lambobi biyu ne, kuma ƙa'ida ta ce kafin a fara kowane lissafi sai an tabbatar babu sifili a cikinsu. Lokacin da aka sake rubuta wannan sashe a Java ta 15, sai aka manta da wannan sharaɗi, kuskuren kuma ya ci gaba har zuwa ta 18. Duk wanda ya aiko da sifili biyu a matsayin sa hannu, lissafin zai fitar da sifili a hagu da sifili a dama, na'ura ta ga sun yi daidai ta ce a wuce. Mutum ya miƙa farar takarda ke nan, magatakarda ya ce lallai wannan hatimin sarki ne. Kamfanin Oracle, mai kula da Java, ya fitar da gyara a cikin wannan watan na Afrilu.

Na kamfanin Apple a Fabrairun 2014 ya fi wannan ƙanƙanta, domin layi ɗaya ne na umarni aka maimaita sau biyu, sai manhajar ta riƙa tsallake matakin duba sa hannun ta kuma ba da rahoton cewa komai lafiya. A Janairun 2020 ma aka bayyana cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta sanar da Microsoft wata ɓaraka a Windows 10 wadda ke ba da damar ƙirƙirar takardar shaidar bogi.

Wanda ya fi kusa da teburinka shi ne na Android a 2013. Manhajar Android jaka ce mai ƙunshe da fayiloli da yawa, sai aka gano cewa idan aka zuba fayil biyu masu suna ɗaya a cikinta, wayar takan duba sa hannun ɗaya amma ta girka ɗayan. Ta haka mugu zai cusa abinsa a cikin manhajar da mutane suka sani, ta ci gaba da amsa sunan masu ita.

Abin da ke sa irin wannan kuskure ya daɗe a ɓoye shi ne babu wanda yake damuwa a zahiri. Sa hannun gaskiya yana wucewa, manhaja tana buɗewa, kuɗi suna tafiya, ba mai kawo ƙara. A ganina a nan ne masu rubuta manhaja suka fi sakaci, domin sukan gwada ko ƙofa tana buɗe wa mai gida, su manta da gwada ko tana hana baƙo. Tun 2016 Google ya fitar da tarin gwaje-gwaje mai suna Wycheproof, cike da gurɓatattun sa hannu da aka shirya da gangan, har da na sifili, don a ga ko kundi zai ƙi su. Tunda kana karatun fannin, ka saba da wannan ɗabi'a tun yanzu.

Game da masu kawo maka gyara, na san irin wanda zai ajiye waya a gabanka ya ce ka kashe masa wannan sabuntawa da ke cinye masa data. Ka yi masa bayani cewa mai waya ba shi da hanyar gane wannan matsala da idonsa, kuma gyaranta ta cikin sabuntawar yake zuwa; idan data ce damuwarsa, ka sabunta masa a shagonka kafin ya tafi. Kada ka tura wa kowa manhajar banki ta Xender ko daga katin memori, a sauke ta daga Play Store. Idan kuma wayar ta tsufa har kamfaninta ya daina aiko mata da gyara, ka nuna masa ranar gyaran tsaro na ƙarshe a cikin saitin wayar, ka shawarce shi ya mayar da harkar bankinsa kan wata wayar.