Dubu 100 ka ba yayanka ba ka ga ko hoto ɗaya na gwaji ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina shekarar ƙarshe a poli, ɗaukar hoto nake yi, an ce kowa ya kawo fotfoliyo bugagge, wato albam na zaɓaɓɓun hotunan da ya ɗauka, kafin a gama, ni kuma ina so in riƙa nuna shi wajen neman aikin biki. Na tara dubu 150, na ba yayana ɗan kawuna dubu 100 tunda yana da shagon buga fosta da bana, na tura masa hotuna 70 ta WhatsApp yace zai min farashin gida. Sati uku kenan kullum sai yace gobe, saura sati huɗu a karɓa a makaranta. Dubu 50 da ta rage in sayi bangon fata mai tsada ne, ko in haɗa da rance in canza kyamara? Burina nan da shekara in buɗe studiyo a Abuja.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ajiye maganar bango tukuna, bango ba ya rufe aibin abun da ke ciki. Matsalarka tana can shagon yayanka, ka ɗauki kashi biyu cikin uku na jarinka ka miƙa masa ba rasit, ba ranar karɓa a rubuce, ba ka ga ko takarda ɗaya da injinsa ya fitar da hotonka ba, kawai don ɗan kawunka ne. Da baƙo ne wallahi da ba ka yi haka ba, da ka tsaya ka ce a buga min ɗaya in gani.

Ban ce yayanka macuci bane, ban san shi ba. Amma mai buga bana da fostar 'yan siyasa sana'arsa daban. Bana daga tsallaken titi ake kallonta, ko ta farfashe ba mai lura, shi kuwa albam a cinya ake ɗora shi, malami ko uwar amarya su sa ido dab da takarda suna duba fatar fuska da zanen lalle. Inji daban, tawada daban, takarda daban. Kuma a shagon ɗan'uwa aikin gida shi ne na ƙarshe a layi, duk wanda ya shigo da kwangilar kalanda ko katin ɗaurin aure za a ture naka gefe saboda an san ba zaka ɗaga murya ba. Goben da yake ce maka sati uku daga nan ta fito.

Sannan WhatsApp ɗin nan. In ka tura hoto yadda aka saba turawa, matse shi yake yi, dogon gefensa ya dawo wajen fiksel 1600, fiksel kuwa su ne ƙananan ɗigon da suke haɗuwa su zama hoto. Bugu mai kyau kuwa ana so a samu fiksel 300 a kowane inci, wato takardar A4 tana neman kusan 2480 da 3508, mai inci 8 da 10 tana neman 2400 da 3000. Ka yi lissafi da kanka, 1600 ɗin nan inci biyar da ɗan abu kawai zai ba ka. Kenan ko yau yayanka ya buga da zuciya ɗaya, abun da ke hannunsa ya riga ya lalace tun kafin ya shiga inji. Asalin fayil ake kaiwa a filashi, in dole ne sai ta waya to a tura shi a matsayin dokumen.

Akwai wani yaro da na sani a nan Kano, hannunsa na da kyau sosai a hoto, irin wannan ya yi da shagon mijin yayarsa. Daren da za a karɓa ya ɗauko kwalin ya kawo min muka buɗe tare. Amaryar da ya ɗauka ranar kamu, wadda a laftof fuskarta ke sheƙi, a takarda ta fito kamar an ɗauke ta a zaure bayan magariba, jan leshinta ya koma ruwan ƙasa, lallen hannunta ya haɗe ya zama kamar tawada ta zube. Dalili, allon kwamfuta haske yake fitarwa daga bayansa, takarda kuwa ba ta da nata haske, shi yasa kusan kullum bugu yafi duhu, kuma a fatarmu abun yafi nunawa. Da ya yi gwaji ɗaya, da ya gane sai ya ƙara haske. Yaron nan ya zauna bakin benci ya rasa abun cewa, da ya nemi a dawo masa da wani abu sai aka kai magana gun mahaifiyarsa tace kar ya ɓata zumunci akan takarda. Kuɗi ya tafi, albam bai nunu ba, kuma har yau gaisuwarsu da mijin yayar sama-sama ce, wato zumuncin ma da ake karewa bai tsira ba. Abun har yanzu yana min ciwo in na tuna.

Toh ga abun da zakayi. Ka je da ƙafarka, banda waya, ka gaishe shi da ladabi kace Yaya lokaci ya matse ni, a buga min uku yau in gani. Ka zaɓi masu wuya, ɗaya mai fuska a kusa, ɗaya mai jan kaya ko shuɗi, ɗaya na dare. Ka fito dasu waje ka duba a hasken rana. Sai an gwada akan san na ƙwarai. In sun yi, ku rubuta adadi da girma da irin takarda da ranar karɓa ko a saƙon waya ne, ka sa ranar ta zama kwana goma kafin ta makaranta. In ba su yi ba ka roƙi ya dawo maka da abun da ya samu ko rabi ne, ka tafi wajen masu wanke hotunan biki waɗanda aikinsu kenan, can ma gwaji farko, rabin kuɗi, sauran sai ka karɓa.

Kuma 70 ta yi yawa, ba mai zama ya duba 70, rauni guda biyar a ciki sun isa su ja sauran ƙasa. Ka tace su koma 15 zuwa 20, kaga kuɗin bugu ya ragu sosai har ka iya yin kwafi biyu, don na makaranta yana iya daɗewa a hannunsu. Takarda mara sheƙi tafi, mai sheƙi duk yatsan da ya taɓa sai ya bar shaida. Duk hoton mace da ke ciki, musamman amarya, ka nemi izininta da na gidanta kafin ka buga, don in miji ya ji ana yawo da hoton matarsa shago-shago sunanka ya ɓaci a dangi guda, kuma aikin biki da baki yake yawo.

Maganar rance da Abuja dan Allah ka bari. Mutumin da bai iya karɓo aikinsa daga hannun ɗan kawunsa ba cikin sati uku, ya zai yi da mai shago da ke son hayar shekara gaba ɗaya, da masu biki da za su riƙe masa cikon kuɗi? Kyamarar da ta ɗauki hotuna 70 ɗin nan ta isa, ranar da babban aiki ya zo kayi hayar wata ka sa kuɗin cikin farashi. Albam ɗinka masu kwalliya da masu lalle da masu dekoreshin zaka fara kaiwa, su amare ke tambaya wa ya iya hoto.

Dubu 50 ɗinka kar ka taɓa ta sai ka ga gwajin nan, don in aikin yayanka bai yi ba ita ce zata buga maka 15 ɗin a wani wuri, bango mai sauƙi mai tsabta ya wadatar. Ka sa asalin hotunan a filashi yau da daddare, gobe da safe kana bakin shagon kafin ya buɗe.