Amsa kan tambayar Wusasa da tsohon cocinta

Dan uwa da ka tambaya daga Agege wai da gaske akwai kauyen Hausawa Kirista kusa da Zariya, eh akwai, Wusasa kenan, tana gefen garin a gindin wani katon dutse. Dokta Walter Miller na mishan din CMS, wato kungiyar yada addinin Kirista ta cocin Anglican, ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, daga baya aka mayar da mishan din zuwa Wusasa, aka gina cocin St. Bartholomew a 1929. Ginin kasa ne irin namu na Hausa, katanga mai kauri, da rana tsaka ka shiga sai ka ji sanyi. Janar Gowon ma can ya taso. In ka tafi gida hutu don Allah ka leka, wallahi ya cancanci a gani.